Yadda Dick Clement da Ian La Frenais suka yi fiye da shekara hamsin suna rubuta barkwanci tare

Tambaya: Ni da abokina muna son mu riƙa rubuta wasan barkwanci tare, mu kuma shirya abinmu da kanmu. Wani ya ce mu duba rayuwar wasu Turawan Ingila biyu, Dick Clement da Ian La Frenais. Su wane ne su, yaya suke raba aiki a tsakaninsu, kuma me ya sa wanda ya ƙware a talabijin yakan sha wuya idan ya koma fim?

Amsa: Malam, wanda ya nuna muku waɗannan mutane ya san hanya. An haifi Clement a 1937 a yankin Essex da ke kudancin Ingila, shi kuwa La Frenais ɗan arewa maso gabas ne, daga bakin teku kusa da Newcastle. A Landan suka haɗu a farkon shekarun 1960. Clement na aiki a BBC, aka tura shi kwas na koyon aikin darakta, kuma a ƙarshen kwas ɗin akan ba kowane ɗalibi situdiyo da 'yan kuɗi kaɗan ya haɗa gajeren shiri don a ga abin da ya koya. Sai ya ɗauko wani ɗan guntun wasa da suka rubuta da abokinsa, na samari biyu masu hirar 'yan mata. A daidai lokacin an buɗe tashar BBC2, a watan Afrilun 1964, tana neman abin da za ta cika lokaci da shi. Manya suka ga gwajin, suka ce a faɗaɗa. A watan Disamba na wannan shekarar The Likely Lads ya fara fita, kuma Clement ne furodusansa.

Ku riƙe wannan batu na ƙarshe da kyau. Tun ranar farko ɗaya daga cikin marubutan ne ke zaune a kujerar da ake yanke hukunci: wa za a ɗauka, wace fitowa za a yanke idan lokaci ya ƙure, nawa za a kashe a kan me. Marubucin da bai taɓa zama a wannan kujera ba yakan rubuta abin da ba zai ɗauku ba, sannan ya yi fushi idan an canza masa.

Shirin labarin Bob ne da Terry, matasa biyu ma'aikatan masana'anta a arewa maso gabashin Ingila, Rodney Bewes da James Bolam suka fito a matsayinsu. Ya yi kashi 20 zuwa 1966, kuma kusan rabinsu sun ɓace saboda a zamanin BBC na goge faifai ta sake ɗaukar wani abu a kai. Amma inda gwanintarsu ta bayyana sosai shi ne da suka dawo da mutanen nan biyu a 1973 cikin Whatever Happened to the Likely Lads? Terry ya dawo daga aikin soja ya tarar an rushe unguwannin da ya sani, Bob kuwa ya samu aikin ofis, yana shirin auren Thelma, ya sayi gida a sabuwar unguwa. Ɗaya na son ya hau sama yana jin kunyar inda ya fito, ɗayan ya tsaya cik yana yi masa ba'a, kuma babu wanda zai iya rabuwa da wani. Wannan saɓani shi ne injin shirin. Duk kashin da za a rubuta, jefa musu wani ƙaramin al'amari kawai ake yi, halinsu ya yi sauran aikin.

Akwai kashi guda da ya kamata duk mai koyo ya warware shi kamar yadda bakanike ke warware inji. An yi caca da su cewa ba za su iya wuni ba tare da sun ji sakamakon wasan ƙwallon Ingila ba kafin a nuna shi da dare. Buƙatar a fili take, jimla ɗaya ta isa a faɗe ta. Akwai wa'adi, wato dare. Akwai abokin gaba da ke bin su don ya faɗa musu. Kowace fitowa wuri ne da suka ɓuya aka kore su, kuma kowanne ya fi na baya tsanani. A ƙarshe ashe ruwa ya cika filin, ba a ma buga wasan ba. Babu kuɗi mai yawa a cikin wannan, babu taron jama'a, tsari ne kawai.

Game da rabon aiki, su ba sa raba fitowa kowa ya tafi gida ya rubuta nasa. A ɗaki ɗaya suke zama, kamar masu zuwa ofis, suna furta maganganun da baki, Clement ne mai riƙe alƙalami. Abin da ya shiga takarda ya riga ya wuce kunnuwa biyu. Akwai abokan rubutu da ke bin ɗaya hanyar, su tsara ƙashin labari tare, kowa ya rubuta rabi, su yi musaya kowa ya gyara na ɗan'uwansa. Wannan ta fi sauri, amma a barkwanci tana da illa biyu: muryar jarumi takan bambanta tsakanin rabin farko da na biyu, kuma kowa yakan fara kare nasa layin kamar ɗan cikinsa. Zama ɗaki ɗaya na kashe wannan cuta, domin bayan awa uku ana jifan juna da magana ba wanda zai iya rantsewa cewa shi ya kawo kaza.

Idan za ku bi tsarinsu, ga yadda ake yi a aikace. Kada a rubuta ko layi ɗaya na hira sai an gama ƙashin labari: fitowa nawa, a ina, wa ke son me a cikinta, me ya canza kafin ta ƙare. Shirin rabin awa yakan ɗauki fitowa takwas zuwa goma sha biyu, kuma wannan mataki yakan ci lokaci fiye da rubuta hirar kanta. Mutum ɗaya ne zai riƙe rubutu, kwafi ɗaya tak, don kada a wayi gari da kwafi uku kowanne da gyaransa. Idan ɗaya ya ce layi bai yi ba, to bai yi ba, kuma ba a tsayawa gardama, sai dai a nemo na uku da ya fi na kowa. Amma mai cewa "bai yi ba" wajibi ne ya kawo dalili ko madadi. Wanda aikinsa kullum ƙi ne kawai, cikin wata shida zai busar da bakin abokinsa.

Aikinsu da ya fi shahara shi ne Porridge. Kalmar na nufin kunu, amma a bakin 'yan Ingila tana nufin zaman kurkuku, kamar dai Bahaushe ya ce wane ya ci gabza. Ya samo asali ne a 1973, lokacin da BBC ta yi wa ɗan wasan barkwanci Ronnie Barker jerin wasanni bakwai mabambanta mai suna Seven of One don a ga wanda zai karɓu. Ɗaya daga cikin biyun da suka rubuta na wani tsohon ɓarawo ne, Fletcher (Barker ne ya fito a matsayinsa), da gandirobobi biyu ke rakawa gidan yari a jirgin ƙasa. Daga 1974 zuwa 1977 aka yi zango uku da shirye-shiryen Kirsimeti biyu, Sydney Lotterby na furodusa. An ce da suka ziyarci gidajen yari na gaske sun fito jikinsu a sanyaye, don ba su ga abin dariya a ciki ba, sai da suka gane cewa rayuwar fursuna ta ginu ne a kan ƙananan nasarori: ƙarin abinci kaɗan, aiki mai sauƙi a ɗakin karatu, a yi wa gandiroba wayo ba tare da ya kama ka ba. Da zarar an ƙanƙanta abin da ake faɗa a kai, barkwanci ya samu wurin zama. Gwangwanin abarba da aka sace ya isa ya riƙe kashi guda.

Ku duba yadda aka jera mutanen. Fletcher tsohon hannu ne mai baki. Godber, wanda Richard Beckinsale ya fito a matsayinsa, yaro ne sabon shiga, don haka akwai wanda za a riƙa yi wa bayani ba tare da mai kallo ya ji ana karantar da shi ba. Gandiroba Mackay mai tsanani ne, Barrowclough kuma mai taushin zuciya da ake juyawa yadda aka so. Mutum huɗu, kowane biyu ka haɗa za su ba da irin dariyarsu daban. Akwai kashin da kusan gaba ɗayansa Fletcher da Godber ne kulle a ɗaki ɗaya daga dare zuwa safiya, kuma yana cikin waɗanda aka fi yabawa. Ta fuskar furodusa wannan riba biyu ce, ga inganci ga arha.

Matsalolin da suka ci karo da su ma darasi ne. Hukuma ba ta yarda a ɗauki shirin a gidan yari na gaske ba, sai aka yi amfani da ƙofar tsohon kurkukun St Albans a matsayin ƙofar shiga, aka gina zauren fursunoni mai hawa-hawa a cikin wani katon tankin ruwa na situdiyon Ealing. Sannan fursuna ba ya magana ba ashar, BBC kuwa ba za ta watsa ashar da yamma iyali na zaune ba. Sai suka cika bakin jaruman da kalmomin da ke da sautin zagi amma ba za a kama su da laifi ba, har wasu suka shiga bakin jama'a. Duk mai rubutu a inda ake tace fina-finai zai gane amfanin wannan dabara.

Yadda ake ɗaukar irin wannan shiri ya shafi rubutun kai tsaye. A wancan zamani fitowar waje akan ɗauke su tun da wuri a kan fim. Sauran kuma mako guda ake ba kowane kashi: ranar farko a zauna a karanta a teburi ana auna lokaci, a yi kwanaki ana bita a ɗakin da aka zana iyakar saiti a ƙasa, sannan a shiga situdiyo a ɗauka da dare ɗaya da kyamarori huɗu ko biyar a gaban 'yan kallo ɗari biyu zuwa uku. Kujerun 'yan kallo na cin wuri, don haka saiti uku ko huɗu ne ke shiga. Dariya kuma tana cin lokaci. Rubutun da ya cika minti talatin cif a teburi zai zarce a gaban jama'a, saboda haka a bar sararin minti uku ko huɗu. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su sa kalmar da ke tayar da dariya a tsakiyar jimla, jama'a su fashe, ragowar maganar ta nutse. Kalmar tana zuwa ne a ƙarshe, kuma kada a ɗora muhimmin bayani na labari nan take bayanta.

A 1978 suka fitar da Fletcher daga kurkuku a Going Straight, kashi shida. Shirin ya samu BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Birtaniya, amma a ganinmu bai kai na baya ba, kuma dalilin a fili yake: mutumin da zai iya buɗe ƙofa ya fita ba dole ne ya jure wa kowa ba. Beckinsale ya rasu a 1979 yana da shekara 31, maganar ci gaba ta tsaya.

A tsakiyar shekarun 1970 suka koma Los Angeles, inda aka juya Porridge zuwa On the Rocks a tashar ABC. Zango ɗaya ya yi. A Birtaniya mutum biyu kan rubuta kashi shida ko bakwai, wani lokaci sha uku, su gama kafin a fara ɗauka. A Amurka zango ya haura kashi ashirin, ana rubutu ana ɗauka, ga talla na katse shirin, don haka dole a tara marubuta da yawa a ɗaki. Kayan da suka isa shekara uku a BBC ba sa kai ƙarshen shekara guda a can.

Sun kafa kamfanin Witzend tare da furodusa Allan McKeown, kuma ta nan aka yi Auf Wiedersehen, Pet a 1983 wa tashar Central ta ITV. Franc Roddam ne ya kawo tunanin: magina 'yan Birtaniya da rashin aiki ya kora Jamus. Su bakwai ne, birkiloli da kafinta da mai aikin lantarki da sauransu, suna kwana a bukka ɗaya a wurin gini a Düsseldorf. Ga kurkuku ya dawo da wata riga. Kowannensu da garinsa da karin harshensa, 'yan Newcastle uku, ɗan Landan, ɗan Liverpool, ɗan yankin Birmingham, ɗan Bristol, suna tsokanar juna irin ta Bafulatani da Babarbare. Wannan karon kashi na kusan awa guda ne, guda 13, babu 'yan kallo a situdiyo, don haka an samu damar barin baƙin ciki ya zauna ba a kore shi da raha ba. Ana cikin ɗaukar zango na biyu a 1985 Gary Holton ya rasu, sai aka gyara rubutu, aka yi amfani da wani ana nuno shi ta baya ko daga nesa. Marubutan da ke cikin kamfanin da ke shirya abin su ne ke iya irin wannan gyara cikin kwanaki. BBC ta dawo da shirin a 2002.

Yanzu ga tambayarku ta ƙarshe. Shirin barkwanci na talabijin da'ira ne. Jarumi ya yi yunƙuri, ya faɗi, ya koma inda yake, don mako mai zuwa a sake. Idan Fletcher ya shiryu shirin ya mutu. Fim kuwa layi ne miƙaƙƙe na minti casa'in zuwa ɗari da ashirin, shafi ɗaya kusan minti ɗaya, kuma dole wanda aka fara da shi ya zama wani daban a ƙarshe. Marubucin talabijin yakan manna kashi uku ya kira shi fim, sai labari ya mutu a wajen minti na arba'in, don a nan numfashinsa ya saba ƙarewa. Na biyu, ya saba da baki, kyamarar fim kuwa tana son ido: abin da mutum biyu za su zauna su ba da labarinsa a situdiyo, a silima so ake a gan shi yana faruwa. Na uku, babu 'yan kallon da za su nuna maka inda dariya take a ranar ɗauka, sai a ɗakin tace hoto ake ƙiyasta tsawon shirun da za a bari, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya na kashe layi. Na huɗu shi ne iko. A talabijin ɗin Birtaniya ana girmama marubuci, a fim kuwa darakta da mai kuɗi ne sarakai.

A shekarun 1970 an mai da shirye-shiryen barkwancin Birtaniya da yawa fina-finai, kuma dabarar da aka fi yi ita ce a kwashi jaruman a kai su hutu don allo ya cika. Su ma sun taɓa hakan a fim ɗin The Likely Lads na 1976. Amma a fim ɗin Porridge na 1979, wanda Clement ya ba da umarni, sun yi abin da ya fi wayo. An ɗauke shi a kurkukun Chelmsford da aka kwashe fursunoninsa bayan gobara. An shirya wasan ƙwallo don wani ya tsere, aka tilasta wa Fletcher da Godber fita tare da shi, su kuwa wa'adinsu ya kusa cika, don haka matsalarsu ita ce yadda za su saci hanya su koma ciki kafin a lura. Labarin ya yi girman fim, bangon kuma yana nan.

Ba duk fina-finansu ne suka yi kasuwa ba. Water na 1985, da Michael Caine, bai je ko'ina ba. Wanda ya fi ɗaukaka su shi ne The Commitments na 1991, daga littafin Roddy Doyle, Alan Parker na darakta, labarin matasan Dublin talakawa da suka kafa ƙungiyar kiɗa. Su biyu tare da Doyle suka karɓi BAFTA ta rubutun da aka ciro daga littafi. Ba mamaki ya dace da hannunsu, taron mutane ne masu buƙatar juna kuma ba sa jure wa juna. Daga baya akwai Still Crazy a 1998, Goal! a 2005, Flushed Away a 2006, da The Bank Job a 2008. An ba su lambar girmamawa ta OBE a 2007.

Wani ɓangare na abincinsu a Hollywood kuwa gyaran rubutun wasu ne ba tare da sunansu ya fito ba. Sun yi wa Never Say Never Again na 1983 aiki, sunan Lorenzo Semple Jr. ne a allo. Sun kuma gyara maganganun Sean Connery a The Rock na 1996. Dalilin rashin sunan doka ce ta ƙungiyar marubutan Amurka: wanda ya zo daga baya sai an tabbatar ya ba da rabin rubutun idan labarin ƙirƙirarre ne, ko kashi ɗaya cikin uku idan daga wani aiki aka ciro shi, kuma goge hira kaɗai ba kasafai yake kai wannan ma'auni ba. A wannan tsari, alamar & tsakanin sunaye biyu na nufin abokan rubutu ne, kalmar "and" kuma na nufin kowa ya yi nasa daban. Abokan rubutu ana lissafa su a matsayin marubuci ɗaya, kuɗin mutum ɗaya suke rabawa. Ku san da wannan tun yanzu: ku biyu sai kun yi aiki ninki biyu kafin kowa ya samu abin da zai samu shi kaɗai.

Saboda haka kafin ku rubuta shafin farko, ku zauna da shaidu ku sa abubuwa biyar a takarda. Rabon kuɗi, kuma rabi da rabi ne ke daɗewa, don ranar da aka fara ƙirga wa ya kawo layi nawa an kama hanyar rabuwa. Jerin sunaye a allo, a tsayar da shi sau ɗaya, kamar yadda nasu kullum Clement ne a gaba. Wa ke da jaruman idan ɗaya ya janye ko ya rasu, kuma me magada za su samu. Ko an yarda kowa ya yi aikin gefe, kamar yadda La Frenais ya tsara Lovejoy wa talabijin a 1986, Clement kuma ya ba da umarnin fina-finai. Na biyar, idan ɗayanku ne furodusa, kuɗin rubutu daban, kuɗin shiryawa daban, kowanne da layinsa a kasafi, kuma a biya na rubutu a ranar da aka miƙa kwafin ƙarshe, ba sai an ga abin da kasuwa ta bari ba.